Tsakanin takama da sukuwa

A nan Birnin Kebbi, in ka tsaya kallon samari suna kilisa da la'asar, tafiya iri biyu za ka fi gani. Ko dai doki yana takama, an tanƙwaso masa wuya da linzami yana taku ɗai-ɗai, baki na kumfa, ko kuma an sakar masa gaba ɗaya, ƙura ta turnuƙe, sai an zo daf da jama'a a fizgo linzami a yi zamiya. Abin da ke tsakanin biyun, wato ƙaramar sukuwa, wadda doki ke tafiya yana lilo da mahayinsa a natse ba tare da ya zazzage iyakar gudunsa ba, da wuya ka ga wanda ya zauna ya koya wa dokinsa ita. Ni kuwa a ganina a cikinta ake samun doki mai hankali, a cikinta kuma tsoro ke fita daga zuciyar mahayi. Dokin da bai san komai ba sai tsayuwa da tsere, ranar da ya firgita tseren zai zaɓa.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne aikin da muke ciki da ɗan ƙanwata da wani bidi da na saya. Daga wajen Dogondutsi aka shigo da dokin ta Kangiwa, irin dawakin Arewa ɗin nan marasa ƙiba, masu ƙashi da jimiri. Dillali ya ce ya cika shekara 5. Da muka buɗe bakin sai muka tarar haƙoran gefe na ƙuruciya suna nan ba su faɗi ba. Doki kuwa yana sauya na tsakiya ne a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe sai wajen 4 da rabi. Ke nan yaro ne. An taɓa ɗora masa sirdi, an hau shi, ya san in aka ja baki ya yi zafi a tsaya, iyakar karatunsa ke nan. Shi kuma ɗan nawa shekararsa 16, ya iya zama a kan tsohon akawalina, wato baƙin dokina, wanda ko tambari aka buga a kusa da shi ba ya ɗaga kai. Amma bara dokin wani abokinsa ya kwashe shi a guje a hanyar Ambursa. Bai faɗi ba, Allah ya kiyaye. Sai dai tun daga ranar, da ya ji doki ya ɗaga gaba zai tashi sai jikinsa ya sandare. Bai gaya wa kowa ba, a hannunsa na gani.

Mutane sukan ce irin wannan yaro zuciya ce ba shi da ita, maganinsa a ɗora shi a tsula wa dokin bulala, in ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Tsoronsa yana da dalili. Ya taɓa zama a kan dabbar da ta fi kilo 300, tana gudu, ya ja linzami da iyakar ƙarfinsa bai ga ta tsaya ba. Wanda ya ɗanɗana wannan, kirari da zuga ba su warkar da shi. Abin da ke warkar da shi shi ne ya tabbatar da hannunsa da cinyarsa, yau da gobe da jibi, cewa duk sa'ad da ya nemi doki ya rage, zai rage. In wannan ta zauna masa, ƙarfin zuciya da kansa yake zuwa, ba sai an kira shi ba.

Sai an fara sanin abin da ke gudana a ƙarƙashin sirdi. A sassarfa ƙafafun doki bibbiyu suke sauka, ta gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, sannan sauran biyun, nauyi a rabe daidai. Ƙaramar sukuwa kuwa bugu uku ce. In da dama ya tashi, ƙafar baya ta hagu ce ke fara dira ita kaɗai, sai ta baya ta dama da ta gaba ta hagu su sauka tare, sai ta gaba ta dama ta miƙa ta dira, daga nan duka huɗun su bar ƙasa na ɗan ƙiftawar ido kafin a sake sabon zagaye. In ya buɗe ya shiga cikakkiyar sukuwa sai bugun ya koma huɗu. Abin lura a nan, a kowane taku akwai lokacin da doki da sirdi da mahayi duk suna kan ƙafar baya guda. Babban doki da ya saba ko a jikinsa. Ƙaramin kuwa, ga shi dama halittar doki kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a gaba yake, ga ƙasusuwan gadon baya su ne na ƙarshe wajen ƙosawa, sai wajen shekara 5 da rabi zuwa 6, sai ya riƙa jin zai kifa. Kamar yarinyar da aka fara ɗora wa tulu ne, da ruwa ya fara tangaɗi a kanta sai ta ƙara sauri tana bin kayan. Yawancin gudun da ake cewa taurin kai ne a wurin ƙaramin doki, wannan ne. Ƙafafunsa yake nema.

Shi kuma mahayi mai tsoro, duk abin da jikinsa zai sa shi yi a wannan lokaci ƙara wa wutar itace ne. Zai duƙa gaba, ya ƙara wa gaban dokin nauyi. Zai matse da ƙwauri don kada ya faɗi, matsewa kuwa a wurin doki umarni ne na a ƙara gudu. Zai ɗauke numfashi, bayansa ya ƙage, ya riƙa faɗowa kan sirdi yana buga bayan da dama bai yi ƙwari ba. Sannan ya rataya a linzami ba sassautawa. Dokin yana jin duk wannan tun kafin a tashi. Wani abokina likitan dabbobi ya ba ni labarin gwajin da aka yi a Suwidin a 2009. An sa mutane su riƙa kai da komo da dawaki tsakanin wurare biyu, wasu a kai wasu suna ja, aka ce musu a zuwan ƙarshe za a buɗe lema ba zato a gefen hanya. Ba a buɗe lemar ba. Amma na'ura ta nuna bugun zuciyar mutanen ya ƙaru, na dawakin ma ya ƙaru, alhali su dawakin ba wanda ya gaya musu komai. Duk mai doki ya san wannan tun kafin a auna, amma na ji daɗi da aka auna.

Mu ba a kan sirdi muka fara ba, a turke muka fara. Baba, tsohon da ke kula mana da barga, wanda ya yi shekaru yana hidimar dawakin wani basarake, shi ya fara gano bakin zaren. Ya ce, "Alhaji, dokin ga lafiya lau shike. Hatsi na yay yi mai yawa, ga shi kullum bisa turke." Gaskiya ya faɗa. Mu nan in mutum yana son dokinsa sai ya nuna son da gero, a cika masa tasa safe da yamma, sannan a bar shi ɗaure wuni guda, wani lokaci har da dabaibayi. Dabbar da aka halitta don ta wuni tana tafiya tana kiwo, an ɗura mata ƙarfi an hana ta motsi, ranar da aka kwance ta dole ta fashe. Muka rage geron sannu a hankali, domin sauya wa doki abinci farat ɗaya yana jawo ciwon ciki, muka ƙara harawa da ciyawa da burgun fadama, dusa kaɗan, kanwa, ruwa wadatacce. Kafin a ɗora sirdi kuma sai an yi masa talala da doguwar igiya yana zagaye mutum, da'ira mai faɗi, kamar mita 15 zuwa 20, minti 10 ko 15 a raba dama da hagu, kada a wuce haka don gaɓoɓinsa ba su ƙosa ba. A nan ya fara yin ƙaramar sukuwa ba kowa a bayansa. A farko tashi yake da tutsu da harbin iska, ya yi rabin zagaye ya watse. Muka ƙyale shi. A nan kuma ya koyi murya: in na kaɗa harshe sau biyu ya tashi, in na ja "saaannu" da murya ƙasa-ƙasa ya sauko. Wannan kalma ɗaya ta yi mana aikin da ƙarfe bai yi ba.

Sai maganar linzami, wadda na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Linzamin da muka gada, mai harshen ƙarfe da ke tokare ganɗa da zoben da ke zagaye haɓa, don fagen fama ya dace. Barden da ke riƙe da mashi ko takobi hannu ɗaya ya rage masa, kuma yana bukatar doki ya tsaya cak ko ya juya nan take, in ba haka ba ransa ne. A zamanin da Kabawa da mutanen Gwandu ke gwabzawa a kan dawaki a ƙarni na 19, wannan hujja ce mai ƙarfi. A hannun gwani har gobe linzami ne mai kyau, don gwani da ɗan yatsa yake taɓa shi. Amma inda ƙarfen ke zama a bakin doki, tsakanin haƙoran gaba da na tauna, dasashi ne zalla shimfiɗe a kan ƙashi. Ka haɗa wannan wuri da wancan ƙarfe da hannun yaro mai tsoro, me kake tsammani? Doki zai cilla kai sama, ya wangale baki, wani ya yi tabarya, wato ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya. Mafi muni, zai koyi cewa zafin nan yana zuwa ko ya yi daidai ko bai yi ba, daga nan ya daina saurare. Ina ganin dawaki da jini a gefen baki ranar hawa, raina yana ɓaci ƙwarai. Muka koma ƙaramin linzami mai gaɓa a tsakiya, marar harshe, irin wanda ake samu wajen masu kayan folo. Baba ya juya shi a hannu ya ce, "Wanga abu ba shi tsai da doki." Na ce, "Baba, ai ba ƙarfen nake so ya tsayar da shi ba, so nake ya koyi tsayawa." Ya ce to, ido nai na nan. Ƙaimi kuwa muka rataye shi. Kayan ado ma duk muka cire, zubka, wato shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, da sirdi marar nauyi kawai, don ƙafar mahayi ta riƙa jin haƙarƙarin doki, shi ma ya riƙa jin ta.

Kafin a yi zancen sukuwa kowace iri, sai tsayuwa ta zauna a tafiya da sassarfa. Tsarin ba ya sauyawa: mahayi ya fara zama sosai cikin sirdi ya saki numfashi, sannan murya, sannan hannu. Hannun ma matsawa ne da saki, kamazuru, wato igiyar linzami, ba abin rataya ba ne. Da doki ya ba da ko ɗan yaya, a sassauta nan take. A wurin sakin nan ne doki ke gane ya yi daidai, kuma in ka makara da daƙiƙa biyu ko uku ya riga ya rasa abin da kake yaba masa. Muka yi ta yi: tafiya, tsayuwa, tafiya, sassarfa, tafiya, har ya zama da an zauna an furzar da numfashi bidi ya fara ragewa tun hannu bai motsa ba. Muka kuma koya musu su biyu lanƙwaso kai da kamazuru ɗaya. Dalili, in doki ya kwashe ka, jan biyu tare gwada ƙarfi ne da wuyansa, ba kuwa mutumin da zai ci wannan kokawa. Amma in ka rage tsawon ɗaya ka jawo shi a hankali wajen ƙugunka, dole ya shiga da'ira, ka yi ta ƙuntata ta har gudun ya mutu. Na ce a hankali. Wanda ya fizgo kan doki gefe yana tsakiyar gudu zai iya kayar da shi su faɗi tare. Shi ya sa ake koyonsa a tafiya har hannu ya haddace.

Shi yaron a kan akawal ya koyi zaman. Ni ina tsakiya riƙe da igiyar talala, shi ba kamazuru a hannunsa, sai wata igiyar fata da muka zagaya wuyan dokin don ya sami abin kamawa in ya ji zai zame. Wanda ya kama wannan bai cuci bakin doki ba, kuma ba abin kunya ba ne. Da ya san gudun da tsayuwar duk suna hannuna, sai ya sami sararin jin abin da ƙugunsa ke yi: kafaɗa a miƙe, dunduniya ƙasa, cinya a sake, ƙugu yana bin lilon sirdi gaba da baya, ido a inda za a, ba a kan wuyan doki ba. Matsalar numfashi kuwa ga yadda na yi da ita. Na ce duk sa'ad da aka tashi ya riƙa lissafa mini ƙananan hukumomi 21 na jihar Kebbi da ƙarfi. Aliero, Arewa, Argungu, Augie, Bagudo, Birnin Kebbi, Bunza, haka har ƙarshe. Mai magana ba ya iya ɗauke numfashi. Kafin ya kai Jega za ka ga kafaɗunsa sun sauko.

Tashin farko a kan bidi da mahayi, ni na yi shi, kuma na daɗe ina yi kafin in miƙa masa. Wannan ba na sassauci a kansa. Doki bai sani ba, mahayi bai sani ba, wa zai gaya wa wani? In ba ka da gwanin da zai fara hau maka, ka nemo, ko da biya ne. Wurin ma sai an zaɓa. Kwalta santsi gare ta. Fadama bayan an yanke shinkafa ƙasa takan bushe ta tsattsage, ga ramuka, kofato ya faɗa ɗaya an gama. Yashi mai zurfi yana jan jijiyoyin ƙafa. Abin da ake so jigawa mai ɗan tauri, fili ba kututture, in da hali mai ɗan hawa kaɗan. Muna da irin wannan ta wajen Dukku. Hawa yana mayar da nauyi kan ƙafafun baya, yana kuma rage wa doki sha'awar tsere da tutsu. A fuskanci daji, a ba gida baya, don kowane doki ya fi sauri in ya hango turkensa. Lokaci kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura 40, bayan asuba kawai ake wannan aiki.

Neman tashin kansa ba wuya gare shi ba in an shirya. Ana cikin sassarfa mai natsuwa a babbar da'ira, a ce ta dama. Mahayi ya zauna, ƙafarsa ta dama a kan majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, ta hagu ya ja ta baya kamar faɗin tafin hannu ya taɓa, ya kaɗa harshe yadda dokin ya saba ji a talala, ya kuma ba da hannu gaba kaɗan. Wannan ba da hannun shi ne abin da mai tsoro ya fi kasawa, yakan ce tashi da ƙafa ya ce tsaya da hannu a lokaci guda, doki ya rikice. In bidi bai tashi ba sai sassarfar ta ƙara sauri ta zama gagab-gagab, ba a kora shi har ya faɗa cikin sukuwa. Wadda aka shiga ta haka a watse take fitowa. A dawo da shi, a daidaita, a sake nema.

Yanzu ga inda na fi so mai karatu ya tsaya. Da ya tashi, taku biyar ko shida kawai, sai a sauko. Na san yadda rai ke so, an samu ya tashi lafiya, bari a zagaye filin. A'a. Ƙaramin doki takunsa na farko-farko su ne masu kyau, don a lokacin ƙafafun baya suna ƙarƙashinsa. Daga nan kowane taku yana ƙara tsawo, kai yana ƙara nauyi a hannu, har a kai inda shi kansa ba ya iya tsayawa ko yana so. Aikin mahayi shi ne ya sauko da shi tun kafin a kai nan, lokacin da saukowar ke da sauƙi. A zauna, a ce sannu, a matsa a saki, a koma sassarfa, a koma tafiya, a saki kamazuru ya miƙe wuya, a shafa shi. A huta, a sake. Abu biyu ke faruwa a nan. Dokin yana koyon cewa bayan tashi saukowa ce ke biye, sai ya fara jiranta, kunnensa ɗaya ya riƙa juyowa baya yana sauraren mahayi maimakon ya zuba ido a ƙarshen fili. Tashin da saukar kuma su ke gina naman cinya da na baya, fiye da dogon gudu. Shi kuwa mahayi, duk saukowa ɗaya shaida ce a gare shi cewa abin yana hannunsa. Taku shida ya zama goma, goma ta zama rabin da'ira, rabi ya zama cikakkiya, amma kullum mahayi ne ke cewa ya isa, ba gajiyar doki ba. Ranar da aka ga an koma baya, a rage, ba a yi asarar komai ba.

Ranar da na miƙa masa bidi, yana gyara likkafa ya ce, "Kawu, in ya ƙi tsayawa fa?" Na ce, "Me kake yi masa a sassarfa in kana so ya rage?" Ya ce, "In zauna, in ce sannu, in matsa in saki." Na ce, "To shi za ka yi. Shi bai san wani abu daban ba, kai ma kada ka nemo wani abu daban." Igiyar talala tana hannuna a ranar, a sake, ya san tana nan. Ya tashi, ya kama igiyar wuya da hannu ɗaya, ya fara Aliero, Arewa, Argungu, bai kai Bagudo ba ya zauna ya ja "saaannu", dokin ya sauko. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ai da kansa ya tsaya." Na ce ba da kansa ba ne, kai ka ce masa. Baba yana gindin bishiya bai ce uffan ba, amma da muka koma gida shi ya wanke ƙaramin linzamin ya rataye shi a gaba.

Ba kullum ake samun yadda ake so ba. In doki ya tashi da ƙafar da ba ita ba, da hagu alhali ana zagaye dama, mahayi zai ji sirdi yana murɗa shi waje. Ba laifin duka ba ne, a sauko a sake nema a lanƙwasa. In ya sunkuyar da kai tsakanin ƙafafu zai yi tutsu, a ɗaga hannu ɗaya a ɗago kan, a zauna da kafaɗa baya, a tura shi gaba. Amma in tutsun ya zama kullum a daidai tashi, kafin a ce halinsa ne a cire sirdi a shafa bayan, a duba inda majayi ke zama ko akwai gurzuwa. Sirdin da ke danna ƙashin kafaɗa ya mayar da dawaki da yawa abin da ake kira mugaye. Firgita kuma dole ce. Idon doki a gefe yake, yana ganin kusan duk kewayensa ban da daidai bayansa da daf da goshinsa, shi ya sa ledar da iska ta ɗauko daga can gefe, wadda mahayi bai ma gani ba, za ta sa ya yi tsalle. A juya shi da'ira, a ba shi aiki, a ci gaba.

Mafi wuya shi ne sauran dawaki. Doki dabbar garke ce, in ya ga 'yan'uwansa sun zuba a guje, ƙafafunsa ba sa neman izini. Wannan hali muka yi amfani da shi: ni a kan akawal a gaba, tazarar doki biyu tsakaninmu saboda harbi, in tashi a hankali bidi ya biyo, in sauko ya sauko. Daga baya muka jera, daga baya ya shiga gaba. Na ƙarshe, wanda har yanzu muna kai, shi ne akawal ya tashi ya tafi shi kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Sai dokin ya ci wannan zan bar shi ya shiga kilisar samari. Abokan yaron suna ta zuga shi, wai doki kamar wannan a ɓoye shi a bayan gari, a fito a gwada mana. Na ce masa dokin mai baki ya fi gudu, su ba su za su kwanta a asibiti ba. Hawan Sallar bana a kan akawal zai bi tawaga. Bidi kuwa Baba zai riƙe shi da ragama can nesa da fada, ya ji tambari da algaita da ƙarar bindiga, ya ga rawuna da lema, ya koma gida ya ci harawarsa.

Ina roƙon iyaye a kan abu biyu. Hular kwano, ko da yaro zai ce abokai za su yi masa dariya. Hula da rawani ba sa tare ƙasa. In ba a sami ta hawan doki ba, ta babur ta fi kai tsirara. Sai takalmi rufaffe mai dunduniya. Silifa tana barin ƙafa ta zurma cikin likkafa, kuma faɗuwa ta fi sauƙi a kan a ce doki ya ja mutum a ƙasa ƙafa na maƙale.

Abin da ya rage mana yanzu hagu ne. Bidi ya fi son tashi da dama, kamar yadda kusan kowane doki ke da ɓangaren da ya fi masa sauƙi, kuma a da'irar hagu yakan karkatar da kai waje ya jingina da kafaɗa. Muna ƙara masa sassarfa a wannan ɓangaren, da'ira babba sannan ƙarama sannan babba, ba tare da neman tashi ba. Sai dai kwanan nan na lura yana kaɗa kai in aka taɓa kamazurun hagu, ga haƙorin gefe ɗaya ya fara girgiɗi. Na kira likitan ya zo ya duba bakin gaba ɗaya har can ciki wajen na tauna. In bakin ne, za mu ajiye linzami mu ci gaba da aikin hagun da ragama har sabon haƙori ya fito.